Mijin 'Yar Nijeriya, Baƙo Har Yaushe?

'Yan'uwa mata, yau za mu ɗan jingine zancen girki da renon yara mu leƙa Majalisar Tarayya, domin akwai wata magana da ta daɗe tana kai da komowa a can, wadda ta shafi ɗakunanmu kai tsaye ko da yake da Turancin lauyoyi aka rubuta ta. Maganar kuwa ita ce ta dokokin shige da fice da na zaman ɗan ƙasa, watau dokokin da ke faɗin wanda ya isa ya shigo Nijeriya, da wanda ya isa ya zauna, da kuma wanda ran da aka ga dama za a ce ya tattara nasa ya nasa ya kama hanya.

Ba za a ce hukuma ta yi barci a kan waɗannan dokoki ba. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a sabuwar Dokar Shige da Fice, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1963, bayan tsohuwar ta shekara 52 tana aiki. Sabuwar ta ƙara tsananta hukunci, ta kuma shigo da laifin satar ƙetarar da mutane kan iyaka. A 2017 aka fito da ƙa'idojin aiki da ita. A watan Mayu na 2025 aka soma ba da biza ta intanet, aka kuma ba da sanarwar tarar dala 15 a kowace rana ga baƙon da ya wuce wa'adin bizarsa. To, madalla. An gyara wa ɗan kasuwa hanya, an gyara wa mai yawon buɗe ido, an toshe wa mai fasa-ƙwaurin mutane kafa. Amma akwai wani baƙo guda da duk gyare-gyaren nan suka tsallake, shi ne mutumin wata ƙasa da ya auri 'yar Nijeriya ya zauna da ita a nan.

Dalilin tsallake shi kuwa, matsalarsa ba a cikin Dokar Shige da Fice take ba, tana cikin Tsarin Mulki na 1999 ne, a sashe na 26. Wannan sashe ya ce matar da ke auren ɗan Nijeriya, ko wadda ta taɓa aurensa, tana iya zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista. Sharuɗɗan uku ne kacal: ta kasance mai halin kirki, ta nuna niyyar zama a Nijeriya, ta kuma yi rantsuwar biyayya ga ƙasa. Sashen bai yanka mata wasu shekarun jira ba. Amma mijin da ya auri 'yar Nijeriya, sashen bai ko ambace shi ba. Shi sai dai ya bi ta sashe na 27, watau ƙofar da kowane baƙo ke bi, ko yana da iyali a nan ko ba shi da kowa. A wannan ƙofa dole ya yi shekara 15 a ƙasa, dole Gwamnan jihar da yake zaune ya shaida cewa jama'ar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da su, dole kuma a gamsu cewa yana da wani amfani da zai yi wa Nijeriya.

Ku duba fa. Wa da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, a gida guda a Jibiya. Wan ya auro yarinya daga Maraɗi, ƙanwar kuma ta auri wan yarinyar ya zo ya zauna a Jibiya. Matar wan tana iya neman takardar zama 'yar ƙasa da zarar ta tare. Mijin ƙanwar kuwa sai ɗansa na fari ya isa shiga sakandare kafin ma a karɓi takardar nemansa. Alhali kuwa sashe na 42 na wannan Tsarin Mulki ɗin ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci sabo da kasancewarsa namiji ko mace. Ashe ke nan littafi guda ya ba da abu da hannun dama, ya karɓe da na hagu.

Wasu za su ce ai akwai takardar zama ta musamman da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ke bai wa irin waɗannan mazaje. Gaskiya ne akwai ta, sashe na 32 ne ya ba da ikon yin ta. Amma fa a lura, sashen cewa ya yi a yi ta domin miji ko matar ɗan ƙasa wanda ba ya son zama ɗan Nijeriya. Sai ga shi ta zama abin da ake miƙa wa wanda yake so amma aka hana shi. Takardar zama izini ce, abin da hukuma ta bayar kuwa hukuma na iya karɓewa. Mai ita ba ya ƙuri'a, ba ya riƙe fasfon Nijeriya. Babban abu kuma, sashe na 41 ya ce ba a korar ɗan ƙasa daga Nijeriya, ba a kuma hana shi shigowa, wannan kariya kuwa ba ta hau kan mai takardar zama ba, ko da ya yi furfura a unguwar.

Daga ina muka samo wannan bambanci? Da yawa suna tsammani daga al'adarmu ya fito, alhali kuwa gadon Turawa ne. Dokar zaman ɗan ƙasa ta Ingila ta 1948 ita ce ta bai wa matar ɗan ƙasa damar yin rajista, ta bar mijin 'yar ƙasa a waje. Da za mu karɓi mulkin kai a 1960 aka kwafo wannan tsari cikin Tsarin Mulkinmu, ya biyo ta na 1979, ya sauka a na 1999. Su masu abin tuni suka yar da shi: dokarsu ta 1981, wadda ta soma aiki ran 1 ga watan Janairu na 1983, ta sa miji da mata bisa ma'auni guda. Mu ne muka riƙe tsohuwar rigar da mai ita ya tuɓe sama da shekara 40 da suka wuce.

In ana zancen al'ada ne, to, kowace yarinya da ta yi firamare ta san labarin da muka gada na Bayajida, baƙon da ya sauka Daura, ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ya auri Magajiya Daurama, aka ce daga zuriyarsu sarakunan Hausa Bakwai suka fito. Ko wane irin kallo masana tarihi ke yi wa labarin, ya nuna yadda Bahaushe ke ɗaukar baƙon da ya zo da alheri ya nemi aure: an ba shi mata, an ba shi gida, 'ya'yansa sun yi sarauta. Fatakenmu da suka bi hanyar goro zuwa Gwanja, su ma haka aka yi musu a can, suka yi aure, suka kafa zango. Har gobe a wurin ɗaurin aure abin da ake tambaya shi ne waliyyi da sadaki da shaidu, da kuma hali da sana'ar mai nema. Ba mu taɓa jin an tsayar da Fatiha don a ga fasfo ba.

Akwai kuma masu cewa wannan kukan 'yan boko ne da ke auren Turawa a Legas da Abuja. Mai faɗin haka bai san bakin iyaka ba. Tsakanin Nijeriya da Nijar akwai iyaka mai tsawon kimanin kilomita 1,500, wadda Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ba tare da sun tambayi kowa ba. Ta raba Illela da Birnin Ƙonni, ta raba Jibiya da Maraɗi, ta raba Kwangwalam da Matamaye, ta raba Kamba da Gaya. Har yau Sarkin Katsina ake ce wa Sarkin Maraɗi, Gobirawa kuma suna Sabon Birni suna Tsibiri. Harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya kuwa tun kaka da kakanni. Ku shiga Kano ko Katsina ko Sakkwato ku dubi masu shayi, da 'yan ga-ruwa, da masu gadi, da mahauta, da dillalan dabbobi, da malaman allo. Nawa ne cikinsu daga Damagaram ko Tawa suka zo, suka yi aure a nan, suka hayayyafa? Haka abin yake a Borno da Adamawa da mutanen Cadi da Kamaru. Matan waɗannan mutane ba 'yan boko ba ne, su ne ke sayar da ƙosai da fura a unguwanninmu, kuma su ne dokar ta fi bari a rana, domin ba su da kuɗin lauya, ba su kuma san ƙofar ma'aikata a Abuja ba.

Muddin ana zaman lafiya babu mai tunawa da wannan. Sai ran da siyasa ta juya. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta Gana ta bai wa baƙin da ba su da takarda kwana 14 su fice, aka kwaso dubban 'yan Nijeriya da Nijar, har da waɗanda a can aka haife su. Ran 17 ga watan Janairu na 1983 mu ma muka yi namu, Ministan Harkokin Cikin Gida Alhaji Ali Baba ya ba da mako biyu, mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu mutanen Gana ne, saura kuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru da sauran maƙwabta. A irin wannan rana matar da mijinta baƙo ne zaɓi biyu gare ta, kowanne da ɗaci: ko ta bar ƙasar ubanta ta bi mota da goyo, ko ta zauna da 'ya'ya ba mai ciyarwa.

An rufe iyakokin ƙasa daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An rufe ta Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, bayan juyin mulkin Yamai. Kowane karo, magidancin da rufewar ta riska a tsallake sai ya bi ta daji ko ya jira. Abin da ke ɗan ba mutumin Nijar sauƙi a nan shi ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta yarje wa 'yan ƙasashen ƙungiyar su shiga ƙasar juna ba biza har kwana 90, daga baya aka ƙara da izinin zama. To, ran 29 ga watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfonsu da barinsu su yi zirga-zirga har sai an ba da wata sanarwa. Watau zaman mijin da ya zo daga Maraɗi ya koma rataye a kan sanarwar wucin gadi. Cadi da Kamaru kuwa dama ba sa cikin ƙungiyar. Wa zai so a ce rufin ɗakinsa a kan irin wannan ginshiƙi yake?

Abin mamaki, dokarmu ba ta raina jinin uwa ba in ana zancen 'ya'ya. Sashe na 25 ya ce wanda uwarsa ko ubansa ɗan Nijeriya ne, shi ma ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Manyanmu za su tuna da shari'ar Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, wanda aka kwashe a Janairu 1980 aka tsallakar da shi Cadi wai don ubansa daga can yake. Babbar Kotun Maiduguri ta yanke cewa ɗan Nijeriya ne, domin mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, ɗaukaka ƙarar da gwamnati ta yi kuma ba ta canja wannan ba. Ashe uwa ta isa ta tsayar da ɗanta a ƙasa. To, ta yaya za a ce 'ya'ya 'yan gida ne, uwarsu 'yar gida ce, amma wanda ke fita neman abin da za su ci baƙo ne da za a iya kora? Wane amfani ƙasa ta ci in ta riƙe 'ya'ya ta kori mai ciyar da su?

An yi yunƙurin gyara. Ran 1 ga watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta jefa ƙuri'a a kan shirye-shiryen doka 68 na gyaran Tsarin Mulki. Guda 5 da suka shafi mata duk suka faɗi, cikinsu har da wanda zai buɗe wa mijin 'yar Nijeriya ƙofar rajista, da wanda zai bai wa mace damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara 5 da aure. Washegari mata suka tare ƙofar Majalisa a Abuja, suka yi kwanaki suna zuwa. Ran 8 ga wata Majalisar Wakilai, a ƙarƙashin Femi Gbajabiamila, ta janye hukuncinta a kan uku daga ciki, har da na zaman ɗan ƙasa, ta yi alkawarin sake jefa ƙuri'a. Mata suka koma gida da murna. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyare-gyare 16, har da na jirgin ƙasa da wutar lantarki da gidajen yari, amma babu na mata ko ɗaya. Majalisar ta cika wa'adinta a watan Yuni, alkawari ya bi ruwa. Majalisa ta 10 ta buɗe sabon zagayen gyara a 2024, Sanata Barau Jibrin na jagorantar kwamitin Dattawa, Benjamin Kalu na jagorantar na Wakilai, aka kuma saurari ra'ayin jama'a a shiyyoyin ƙasa a watan Yuli na 2025. Har aka shiga wannan zagaye sashe na 26 yana nan yadda aka rubuta shi.

Ba mu ce masu adawa ba su da abin faɗi ba. Tsoronsu na farko shi ne auren bogi, watau baƙo ya ba wata kuɗi a ɗaura auren takarda don ya sami fasfo. Wannan tsoro ne na gaskiya, amma ai ƙofar da aka buɗe wa matan waje ma ana iya yin wannan ta cikinta, ba kuwa wanda ya ce a rufe ta. Maganin auren bogi shi ne bincike da sharaɗi, a kan kowa. Tsoro na biyu shi ne tsaro, musamman a wannan zamani na 'yan bindiga da ke ratsa iyaka. Amma ɗan ta'adda ba ya zuwa ma'aikata da hoto da takardar aure ya ce a bincike shi. Wanda ke zuwa shi ne mai son a san da shi. Rajista kuma ba ta faɗowa daga sama, sai Shugaban Ƙasa ya gamsu da halin mai nema, sashe na 30 kuma ya ba da ikon ƙwace ta daga wanda aka tabbatar ya ci amanar ƙasa. Mutumin da hukuma ta san sunansa da gidansa da surukansa ya fi sauƙin sa ido a kan wanda ke ɓuya don tsoron kora. Na uku, ana cewa mace ce ke bin miji. Lalle mafi yawa haka suke yi, gyaran kuwa ba zai hana wadda za ta bi ta bi ba. Magana ake yi a kan wanda ya riga ya zauna a nan, sana'arsa a nan, kabarin 'ya'yansa ma wani a nan.

Maƙwabtanmu sun riga mu. Tsarin Mulkin Gana na 1992 ya ambaci miji ya ambaci mata. Kenya ta daidaita su a 2010, kowa sai ya shekara 7 da aure. Senegal ta gyara tata a 2013. Nijar kanta, a watan Nuwamba na 2014, ta bai wa 'yar ƙasarta damar mijinta baƙo ya nemi zama ɗan ƙasa bayan shekara 3 da aure, bisa sharaɗin zama a ƙasar da halin kirki. Watau ɗan Illela da ya auri 'yar Ƙonni ya zauna can yana da ƙofa, amma ɗan Ƙonni da ya auri 'yar Illela ya zauna nan ba shi da ita. Ga babbar yaya a Afirka an bar ta a baya.

Sabo da haka ra'ayin wannan fili a bayyane yake. Muna kira ga Majalisar Tarayya ta gyara sashe na 26, inda aka ce "mace" a ce duk wanda ke auren ɗan Nijeriya ko 'yar Nijeriya. A sa sharaɗi guda a kan kowa, na shekarun aure da na zama a ƙasa da na hali, ko 3 ne ko 5, in dai ma'aunin ɗaya ne. A bayyana a fili cewa auren da aka ɗaura a masallaci ko a zaure ko a coci, in yana da takardar kotu ko ta ƙaramar hukuma, aure ne a idon wannan doka. A ba ofisoshin Hukumar Shige da Fice na jihohi ikon karɓar takardun nema, don kada talaka daga Maigatari ya sayar da akuyarsa ya tafi Abuja. Ƙananan hukumomi kuma su daina hana yaro takardar shaidar asali don ubansa baƙo ne, alhali Tsarin Mulki ya ce ɗan ƙasa ne ta wajen uwa, domin rashin wannan takarda kan tare shi a wajen neman fasfo da gurbin karatu da aiki.

Aikin ba ƙarami ba ne. Gyaran Tsarin Mulki sai da kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, watau Sanatoci 73 cikin 109 da Wakilai 240 cikin 360, sa'an nan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Mata a Majalisar Dattawa ta 10 ba su wuce 4 ba, don haka da ƙuri'ar maza abin zai wuce. Jihohi 13 kawai sun isa su kashe shi, Arewa kuwa tana da 19. Ma'ana, in wakilanmu ba su yarda ba, babu inda za a je. Su kuwa ba za su yarda ba sai sun ji daga bakin waɗanda suka yi layi a rana suka zaɓe su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyoyin mata na unguwa, da na 'yan kasuwa, da malaman makarantun matan aure, su rubuta wa ɗan majalisarsu na jiha da na tarayya, su tambaye shi inda ya tsaya a kan wannan magana, su kuma riƙe amsarsa har ranar da zai dawo neman ƙuri'a. Iyaye maza su ma abin ya shafe su, domin wanda bai aurar da 'yarsa ga baƙo bana ba, bai san wanda zai yi masa sallama baɗi ba.

Kafin nan, ke 'yar'uwa da mijinki ɗan wata ƙasa ne, rigakafi ya fi magani. Ki tabbata aurenku yana da takarda. Ki karɓar wa kowane yaro takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ki lallashi maigida ya je ofishin Shige da Fice ya daidaita zamansa tun ana zaman lafiya, ki kuma adana takardun nan a inda ruwa da gara ba za su kai ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, waɗanda aka kwasa a 1969 da 1983 su ma ba su taɓa tsammanin ranar za ta zo ba. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya ba wakilanmu ikon yin adalci, amin.